Tarihin Yugoslabiya: Yadda Aka Ɗinke Ta da Yadda Ta Wargaje

A kudu maso gabashin Turai, cikin yankin duwatsun da ake kira Balkan, tsakanin Kogin Danube da gaɓar Tekun Adriyatik, an yi wata ƙasa mai suna Yugoslabiya, wato ƙasar Slabawan Kudu, wadda aka kafa a 1918, ta rushe a 1941, aka sāke gina ta a 1945, sa'an nan ta tsattsage cikin jini tun daga 1991, har ya zama ƙasashe bakwai ne a yau ke zaune a kan filin da ta bari, ko da yake ta bakwai ɗin, Kosobo, ba dukan duniya ce ta amince da ita ba. A lokacin da fitinar ta tashi jama'arta sun haura miliyan 23, cikinsu akwai Nasara mabiya mazhabobi biyu, da Musulmi, da Yahudawa kaɗan. Mutane da yawa idan an ambaci rushewarta sai su ce ai tsohuwar gaba ce ta kaka da kakanni wadda ba ta da magani. Amma wanda ya bi labarin daga tushe zai ga cewa waɗannan al'ummu sun fi daɗewa suna zaman maƙwabtaka a kan zaman gaba, kuma abin da ya hallaka ƙasarsu abu ne da mutane sanannu suka aikata a shekaru sanannu.

Asalin jama'ar da rabuwar addini

A ƙarni na 6 da na 7 na Miladiyya ne Slabawa suka gangaro daga arewa, suka ƙetare Danube, suka zauna a ƙasashen da a dā suke hannun Rumawa. Ƙasar da suka tarar kuwa ta riga ta rabu, domin tun 395 aka kasa Daular Rum gida biyu, ta yamma da ta gabas mai fada a Kustantiniyya, iyakar kuma ta ratsa tsakiyar wannan yanki. Saboda haka waɗanda suka sauka yamma, kakannin Kuroshiyawa da Sulobeniyawa, suka karɓi addinin Nasara daga birnin Rum, suka bi Paparoma, daga baya suka tsaya a kan haruffan Latin. Waɗanda suka sauka gabas, kakannin Sabiyawa da mutanen Montenegro da Masedoniya, suka karɓe shi daga Kustantiniyya, suka bi mazhabar Otodoks, suna rubutu da haruffan Sirilik. Da cocin gabas da na yamma suka rabu a 1054, sai ya zama mutane masu jini ɗaya, masu jin harshen juna ba tafinta, kowa yana da limamai da littattafai da ranakun idi na daban.

Kowace al'umma cikinsu ta yi zamanin ɗaukakarta. Kuroshiya ta yi sarki Tomislav wajen 925, kafin ta shiga ƙarƙashin rawanin Hangari a 1102. Bosniya ta yi sarki Tvrtko wanda aka naɗa a 1377, tana kuma da cocinta na kanta wanda Rum da Kustantiniyya duka suke ɗauka na bidi'a ne. Sabiya ce ta fi ƙasaita a ƙarƙashin gidan Nemanjic: a 1219 ɗan gidan, limami Sava, ya samo wa cocinta 'yancin kai, a 1346 aka naɗa Stefan Dusan sarkin sarakuna, amma da ya rasu a 1355 hakimansa suka yayyaga daular, daidai lokacin da Turkawa suke ƙetarowa daga Asiya.

A 1389, ranar da Sabiyawa ke kira Vidovdan, wadda suke tunawa a 28 ga Yuni, rundunar Yarima Lazar na Sabiya ta gamu da ta Sarkin Musulmi Murad na Ɗaya a filin Kosobo. Abin da tarihi ya tabbatar taƙaitacce ne: an yi mummunar asara ta kowane ɓangare, Lazar da Murad duka sun mutu a nan, Sabiya kuma ta koma biyan haraji ga Turkawa, amma ba ta faɗi ƙasa warwas ba sai bayan shekara 70. Abin da mawaƙan gargajiya suka ruwaito daga baya ya fi haka yawa. An ce wani manzo daga sama ya zo wa Lazar daren yaƙin ya ba shi zaɓi tsakanin mulkin duniya da na lahira, ya zaɓi na lahira; an ce surukinsa Vuk Brankovic ya ci amanarsa, alhali masana ba su sami hujjar wannan a rubuce-rubucen zamanin ba. Riwaya ce, amma ita ce ta rayu a zukata har ƙarni shida, aka kuma zaro ta daga kube a lokacin da masu neman mulki suka buƙace ta.

Tsakanin dauloli biyu, 1459 zuwa 1804

Sabiya ta faɗa hannun Daular Usmaniyya ta Turkawa a 1459, Bosniya a 1463, Harzegobina kuma wajen 1482. A Bosniya jama'a masu yawa suka musulunta. An daɗe ana cewa mabiya tsohon cocin Bosniya ne suka shiga Musulunci gaba ɗaya a rana ɗaya, amma littattafan haraji na Turkawa sun nuna abin ya tafi sannu-sannu ne cikin fiye da shekara 100, kuma masu musuluntar sun fito daga dukan mazhabobin Nasara. Waɗannan Musulmi Slabawa ne 'yan ƙasa, harshensu ɗaya da na maƙwabtansu. A hannunsu Sarayebo ta zama birnin ilmi da kasuwanci, inda Gazi Husrev-beg ya gina masallacinsa wajen 1531 da madarasarsa a 1537, inda kuma Yahudawan da aka kora daga Andalus bayan 1492 suka sami mafaka. A 1566 aka kammala gadar Mostar a kan Kogin Neretva.

Mulkin Turkawa yana da fuska biyu, adalci kuwa shi ne a faɗi dukansu. Ya bar wa Nasara cocinsu da shari'ar aurensu da gādonsu, amma ya ɗora musu jiziya, yana kuma ɗibar 'ya'yansu maza domin aikin soja da na fada, abin da Sabiyawa ba su manta ba. Ɗaya daga cikin yaran da aka ɗiba shi ne Mehmed Pasha Sokolovic, wanda ya zama babban wazirin daular daga 1565 zuwa 1579, ya gina gadar Visegrad a kan Kogin Drina, kuma a zamanin da yake da ƙarfi a fada ne aka maido da kujerar shugaban cocin Sabiyawa a Pec a 1557.

Su kuwa Kuroshiyawa, bayan Turkawa sun ragargaza Hangari a Mohacs a 1526, sai suka yi mubaya'a ga gidan Habsburg na Ostiriya a 1527. Sarakunan Ostiriya suka keɓe wata doguwar ƙasa a kan iyaka, wadda ake kira Krajina, suka zaunar da 'yan gudun hijira mabiya Otodoks a cikinta, suka ba su gonaki bisa sharaɗin su tsare iyaka da makami. Ta haka Sabiyawa masu yawa suka zama mazauna Kuroshiya. A 1690 kuma, bayan wani yaƙi da Ostiriya ta ja da baya, shugaban coci Arsenije na Uku ya jagoranci dubban Sabiyawa suka yi ƙaura daga Kosobo zuwa arewa, Albaniyawa kuma, waɗanda akasarinsu Musulmi ne, suka yi ta ƙaruwa a can har suka rinjayi kowa. Waɗannan ƙaurace-ƙaurace ne suka cuɗa jama'a har ya zama ba wanda zai iya shata iyaka tsakanin ƙabila da ƙabila ba tare da ya tayar da wani daga gidan ubansa ba.

Ra'ayoyi biyu, 1804 zuwa 1918

A 1804 Sabiyawa suka yi tawaye a ƙarƙashin Karadjordje, a 1815 suka sāke yi a ƙarƙashin Milos Obrenovic, suka sami ikon cin gashin kai a 1830, Musulmi da yawa kuma suka yi hijira daga biranen Sabiya a shekarun da suka biyo baya. A wannan ƙarni ne ra'ayoyi biyu suka taso, waɗanda saɓaninsu shi ne ƙashin bayan dukan abin da ya faru daga bisani. Na farko ra'ayin haɗa dukan Slabawan Kudu ne a matsayin 'yan'uwa daidai wa daida, wanda ya fi ƙarfi a Zagreb, wurin su Ljudevit Gaj da limamin Katolika Strossmayer; a 1850 ma malaman Sabiyawa da na Kuroshiyawa suka haɗu a Biyana suka amince da harshen rubutu ɗaya. Na biyu ra'ayin tattara dukan Sabiyawa ne, duk inda suke, ƙarƙashin tuta ɗaya, kamar yadda wazirin Sabiya Ilija Garasanin ya tsara a wata takardar asiri a 1844. Daga nesa ra'ayoyin sun yi kama, domin duka suna neman ƙasa ɗaya babba, amma ɗaya tarayya yake nufi, ɗayan kuwa mallaka.

Taron Balin na 1878 ya amince da 'yancin Sabiya da Montenegro, ya kuma danƙa Bosniya ga Ostiriya, wadda ta haɗiye ta ɗungum a 1908. A yaƙe-yaƙen Balkan na 1912 da 1913 Sabiya ta ƙwace Kosobo da babban sashe na Masedoniya. Ranar 28 ga Yuni 1914 wani saurayi Basabiye ɗan Bosniya, Gavrilo Princip, ya harbe magajin sarautar Ostiriya, Franz Ferdinand, da matarsa a Sarayebo, daga nan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya kunno. Sabiya ta yi asarar rayuka mai ban tsoro, amma ta fito cikin masu nasara, alhali Kuroshiyawa da Sulobeniyawa da 'yan Bosniya sun yi yaƙin ne cikin rundunar Ostiriya wadda aka ci. Ga kuma Italiya tana ɗokin gaɓar teku da aka yi mata alkawari a 1915. Tsoron Italiya ya sa shugabannin Zagreb suka garzaya Belgirad, ranar 1 ga Disamba 1918 aka shelanta Masarautar Sabiyawa da Kuroshiyawa da Sulobeniyawa, tun ba a daidaita a kan yadda za a raba iko ba.

Masarauta, 1918 zuwa 1941

Sabiyawa sun ɗauki sabuwar ƙasar a matsayin ladan jinin da suka zubar, Kuroshiyawa kuwa sun ɗauka yarjejeniya ce tsakanin tsara da tsara. Tsarin mulkin da aka zartar ranar 28 ga Yuni 1921 ya tattara iko duka a Belgirad, aka kuma amince da shi da ƙaramin rinjaye bayan babbar jam'iyyar Kuroshiyawa, ta manoma, ta ƙaurace wa majalisa. A Yuni 1928 wani wakili, Punisa Racic, ya zaro bindiga a zauren majalisa ya kashe wakilan Kuroshiyawa biyu, ya raunata shugabansu Stjepan Radic, wanda ya cika a watan Agusta. Ranar 6 ga Janairu 1929 Sarki Alexander ya rushe majalisa, ya haramta jam'iyyun ƙabila, a watan Oktoba kuma ya sauya sunan ƙasar zuwa Yugoslabiya, ya kasa ta larduna tara da akasarinsu ya raɗa wa sunayen koguna, yana zaton idan an shafe tsofaffin sunaye daga taswira za su shafe daga zukata. A 1934 aka kashe shi a Marseille ta Faransa, da hannun masu tsattsauran ra'ayi na Masedoniya da ƙungiyar Ustasha ta Kuroshiyawa. Sai a Agusta 1939 aka ba Kuroshiya ikon kanta, lokacin da yaƙi ya riga ya iso bakin ƙofa, aka kuma yi rabon ba tare da an shawarci Musulmin Bosniya ba.

Shekaru huɗu na masifa, 1941 zuwa 1945

Ranar 25 ga Maris 1941 gwamnati ta sa hannu a ƙawancen Hitila, bayan kwana biyu hafsoshi suka kifar da ita, ranar 6 ga Afrilu Jamus ta afka, ranar 17 kuma sojan sarki ya miƙa wuya. Maharan suka yanyanka ƙasar, suka naɗa Ante Pavelic, shugaban Ustasha, a kan Kuroshiya haɗe da Bosniya. Wannan gwamnati ta ƙudurta kawar da Sabiyawa da Yahudawa da 'yan ƙabilar Roma, ta kafa sansanoni, mafi muni cikinsu Jasenovac, inda aka tattara sunayen fiye da mutum 80,000 da suka hallaka. Dakarun Chetnik, masu biyayya ga sarki a ƙarƙashin Draza Mihailovic, su kuma suka yi wa Musulmi kisan gilla a Foca da sauran garuruwan kwarin Drina. Jamusawa suka kafa ƙa'idar kashe mutum 100 a madadin kowane sojansu ɗaya, suka aiwatar da ita a Kragujevac a Oktoba 1941. Cikin Musulmi an sami waɗanda suka bi Ustasha ko rundunar Jamus, an kuma sami malamai da dattawa a Sarayebo da Mostar da Banja Luka waɗanda tun 1941 suka sa hannu a takardu suna yin tir da zaluncin da ake yi wa Sabiyawa.

Runduna ɗaya ce kaɗai ta buɗe ƙofarta ga kowace ƙabila, wato ta 'yan gurguzu a ƙarƙashin Josip Broz Tito, wanda aka haifa a 1892, ubansa Bakuroshiye, uwarsa Basulobeniya. A garin Jajce, ranar 29 ga Nuwamba 1943, majalisarsu ta yanke cewa ƙasar za ta zama tarayya. Sun ci nasara, amma su ma suka ɓata hannunsu da jinin dubban fursunoni da aka maido musu daga Bleiburg a Mayu 1945. Masu bincike sun ƙiyasta waɗanda suka mutu a yaƙin wajen miliyan ɗaya, da yawa cikinsu a hannun 'yan ƙasarsu.

Zamanin Tito, 1945 zuwa 1980

Tito ya gina tarayya mai jamhuriyoyi shida: Sabiya, Kuroshiya, Sulobeniya, Bosniya da Harzegobina, Montenegro da Masedoniya, da yankuna biyu masu wani iko na kansu a cikin Sabiya, wato Kosobo da Vojvodina. Takensa 'yan'uwantaka da haɗin kai. A 1948 ya ɓata da Stalin, aka kori ƙasarsa daga sahun 'yan gurguzu, ya tsaya da ƙafarsa, ya kuma tura waɗanda ake tuhuma da bin Mosko kurkukun tsibirin Goli Otok. A Satumba 1961 ya karɓi baƙuncin taron farko na ƙasashen 'yan-ba-ruwanmu a Belgirad, inda ƙasashe 25 suka hallara, tare da Nasser na Masar da Nehru na Indiya da Nkrumah na Gana da Sukarno na Indonesiya. Ɗaliban Afirka suka yi karatu a jami'o'insa, kamfanoninsa suka yi ayyuka a nahiyarmu, ciki har da Energoprojekt wanda ya gina filin baje kolin duniya na Legas da aka buɗe a 1977.

Ba za a hana wa wannan zamani haƙƙinsa ba. Jahilci ya ragu ƙwarai, ƙauyawa suka zama ma'aikatan masana'antu, ɗan ƙasa yana iya zuwa gabas da yamma da fasfonsa, auratayya tsakanin ƙabilu ta yawaita a birane, aka kuma amince da Musulmin Bosniya a matsayin al'umma mai zaman kanta, suka shiga ƙidayar 1971 da sunansu. A ƙidayar 1981 fiye da mutum miliyan ɗaya suka ce su 'yan Yugoslabiya ne kawai, ba su zaɓi wata ƙabila ba. Amma ginin yana da aibi uku. Na farko, an hana maganar ta'asar yaƙi a fili sai yadda jam'iyyar gurguzu ta tsara, saboda haka kowane gida ya riƙe lissafin mamatansa a ɓoye, ba a yi hisabi ba balle a yi yafiya. Na biyu, duk saɓanin da ya taso Tito ne ke yanke shi da kansa: ya tuɓe Aleksandar Rankovic, shugaban 'yan sandan ciki, a 1966, ya murƙushe shugabannin Kuroshiya a 1971, ya kori masu sassaucin ra'ayi na Sabiya a 1972, jama'a kuwa ba su taɓa koyon sasanta kansu ta hanyar zaɓe da majalisa ba. Na uku, tsarin mulkin 1974 ya ba jamhuriyoyi da yankunan biyu iko mai yawa har kowanne yana iya hana tarayya motsi, ya kuma tanadi cewa bayan Tito majalisar wakilai takwas ce za ta riƙe shugabanci, suna karɓa-karɓa shekara-shekara. Tito ya rasu a Ljubljana ranar 4 ga Mayu 1980.

Shekarun zaizayewa, 1980 zuwa 1991

Tito ya bar bashin waje na kusan dala biliyan 20. Masu bin bashi suka matsa, albashi ya rasa daraja, rashin aiki ya yi katutu, har a 1989 hauhawar farashi ta wuce kashi 1,000 cikin ɗari. Sulobeniya da Kuroshiya, masu arziki, suka fara ƙorafin ana kwashe dukiyarsu ana kai wa kudu, matalautan kudu kuma suna cewa arewa ce ke cin guminsu. A 1981 ɗaliban Albaniyawa suka yi zanga-zanga a Kosobo suna neman a mai da yankinsu jamhuriya, aka murƙushe su da soja, Sabiyawan yankin kuma suna ta ƙaura suna kukan ana tsangwamarsu. Duk da haka a 1984 Sarayebo ta karɓi wasannin Olamfik na hunturu cikin lumana da alfahari.

A 1986 wata takarda ta malaman cibiyar ilmi ta Sabiya ta fito, tana cewa an zalunci Sabiyawa a cikin tarayya. A Afrilu 1987 wani jami'in jam'iyya, Slobodan Milosevic, ya je Kosobo, ya faɗa wa taron Sabiyawa cewa ba mai ikon dukansu, aka yi ta maimaita maganar a talabijin, ya gane ya sami tsanin hawa mulki. Ya kawar da ubangidansa Ivan Stambolic, ya tura gungun masu zanga-zanga suka kifar da shugabannin Vojvodina da Montenegro, a Maris 1989 ya soke ikon Kosobo, ta haka ƙuri'u huɗu cikin takwas na majalisar shugabanci suka koma hannunsa. Ranar 28 ga Yuni 1989, cikar shekara 600 da yaƙin Kosobo, ya tara ɗaruruwan dubban mutane a filin yaƙin, ya ambata musu cewa ba a cire yiwuwar faɗa da makami ba.

A Janairu 1990 wakilan Sulobeniya suka fice daga babban taron jam'iyya, na Kuroshiya suka bi su, jam'iyyar da ta riƙe ƙasar ta mutu. Bangon Balin ya riga ya faɗi, manyan dauloli kuma ba su da sauran buƙatar ƙasar da ke tsakani. An yi zaɓe a kowace jamhuriya a 1990, amma ba a taɓa yin na tarayya baki ɗaya ba, don haka firayim minista Ante Markovic, wanda ya shawo kan farashi yake kuma neman riƙe ƙasar, ya rasa dandalin tsayawa. A Kuroshiya Franjo Tudjman ya hau, ya sauya tsarin mulki ta yadda Sabiyawa, kashi 12 cikin ɗari na jama'a, suka ga an rage musu matsayi, aka kuma sallami da yawansu daga aikin 'yan sanda. Talabijin na Belgirad ya yi ta nuna ƙasusuwan waɗanda Ustasha ta kashe, na Zagreb yana mai da martani, har maƙwabci ya fara jin tsoron maƙwabcinsa.

Yaƙe-yaƙe, 1991 zuwa 1999

Ranar 25 ga Yuni 1991 Sulobeniya da Kuroshiya suka shelanta 'yanci. A Sulobeniya, inda Sabiyawa ba su da yawa, faɗan kwana 10 ya yi. A Kuroshiya sojan tarayya ya mara wa 'yan tawayen Sabiyawa na Krajina baya, suka kama kusan sulusin ƙasar, suka kori Kuroshiyawan da ke ciki, suka yi wa Vukovar ƙawanya kwana 87 har ta faɗi ranar 18 ga Nuwamba, aka kwashe fiye da mutum 200 daga asibitinta aka kashe. A 1992 Majalisar Ɗinkin Duniya ta aika da dakarun kiyaye zaman lafiya, ciki har da bataliyar Nijeriya. A wancan lokaci Masedoniya ita kaɗai ta fita ba a harba bindiga ba.

Bosniya ce ta sha mafi ɗaci, domin a ƙidayar 1991 Musulmi kusan kashi 44 ne cikin ɗari, Sabiyawa 31, Kuroshiyawa 17, suna cuɗe gari da ƙauye. Bayan ƙuri'ar raba gardama da Sabiyawa suka ƙaurace wa, yaƙi ya ɓarke a Afrilu 1992. Dakarun Sabiyawan Bosniya a ƙarƙashin Radovan Karadzic da Janar Ratko Mladic, waɗanda suka gāji makaman sojan tarayya, suka mamaye kusan kashi 70 cikin ɗari na ƙasar, alhali takunkumin makamai da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙaƙaba tun 1991 ya ɗaure hannun gwamnatin Bosniya ta Alija Izetbegovic. Aka kori Musulmi da Kuroshiyawa daga garuruwansu, aka tsare maza a sansanoni irin su Omarska, aka keta haddin mata da gangan, aka rushe ɗaruruwan masallatai, ciki har da Ferhadija ta Banja Luka, aka ƙona babban ɗakin karatu na Sarayebo, birnin kuma ya yi kwana 1,425 cikin ƙawanya. A 1993 dakarun Kuroshiyawa su ma suka juya wa Musulmi baya, suka rushe gadar Mostar ranar 9 ga Nuwamba, sai a Maris 1994 aka sulhunta su a Washinton. Daga baya kotun duniya ta kuma kama wasu daga sojojin gwamnatin Bosniya da laifin azabtar da fursunoni.

Ranar 11 ga Yuli 1995 Mladic ya shiga Srebrenica, garin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana tudun mun tsira, sojojin Holan da ke gadinsa ba su hana ba, cikin 'yan kwanaki aka kashe maza da yara maza Musulmi fiye da 8,000. A Agusta sojan Kuroshiya ya ƙwace Krajina, Sabiyawa kusan 200,000 suka tsere daga ƙasar da kakanninsu suka zauna tun zamanin Habsburg. Jiragen ƙungiyar NATO suka yi ruwan wuta a kan dakarun Karadzic, sa'an nan aka ƙulla yarjejeniyar Dayton a Amurka ranar 21 ga Nuwamba 1995, wadda ta bar Bosniya ƙasa ɗaya mai sassa biyu. Yaƙin ya ci kusan rai 100,000, ya raba fiye da mutum miliyan 2 da gidajensu.

A Kosobo Ibrahim Rugova ya yi shekaru yana jan Albaniyawa a kan gwagwarmayar lumana, da aka manta da su a Dayton sai samari suka ɗauki makami. Daga 24 ga Maris 1999 NATO ta yi kwana 78 tana jefa bama-bamai a Sabiya ba tare da izinin Kwamitin Sulhu ba, dakarun Milosevic suka kori Albaniyawa wajen 800,000, da suka dawo kuma Sabiyawa da 'yan ƙabilar Roma da yawa suka gudu saboda ramuwar gayya.

Ƙarshen lamari

A Oktoba 2000 mutanen Sabiya da kansu suka tumɓuke Milosevic, ranar 28 ga Yuni 2001 aka miƙa shi ga kotun duniya da ke Hague, ya mutu a tsare a 2006 kafin a yanke masa hukunci. Kotun, wadda aka kafa a 1993, ta tuhumi mutum 161 daga dukan ɓangarori, ta tabbatar da cewa abin da aka yi a Srebrenica kisan ƙare dangi ne, Karadzic da Mladic kuma suka sami ɗaurin rai da rai. A 2003 aka daina amfani da sunan Yugoslabiya, a 2006 Montenegro ta rabu da Sabiya, a 2008 Kosobo ta shelanta 'yanci. Sulobeniya ta shiga Tarayyar Turai a 2004, Kuroshiya a 2013.

Akwai masu ɗora laifin duka a kan Jamus da Amurka da masu bin bashi, kuma haƙiƙa kowannensu yana da nasa kaso, ko na gaggawa, ko na sakaci, ko na son zuciya. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sau biyu aka gina ƙasar nan ba tare da an tambayi jama'arta sharaɗin da suka yarda su zauna a kansa ba, sau biyu aka jingina haɗin kanta ga mutum ɗaya, Alexander da farko, Tito daga baya, aka kuma binne zaluncin jiya ba tare da shari'a ba, har ya zama jari ga duk mai son mulki da bai ji tsoron Allah ba. Bambancin addini da na ƙabila ya kasance tare da su ƙarni bayan ƙarni suna cinikayya suna auratayya. Bai zama makami ba sai da shugabanni suka wasa shi. Saboda haka, ya kai mai karatu, idan kana zaune a ƙasar da ta tara al'ummu dabam-dabam, ka nemi a yi wa kowa adalci tun ana zaman lafiya, ka nemi a hukunta mai laifi da sunansa ba da sunan ƙabilarsa ba, ka kuma yi hattara da duk shugaban da ba shi da abin da zai ba ka sai tsoron maƙwabcinka.